FAGEN SILIMA: Rumawa, Korokota Da Rikicin Cikin Gida A Finafinan Sipaniya

Cikin shekarar 1980 aka fito da wani fim a ƙasar Sipaniya mai suna Los cántabros, watau Kantabirawa, mutanen nan na duwatsun arewacin ƙasar waɗanda su da maƙwabtansu Asturawa suka zama na ƙarshe da daular Rum ta murƙushe a wannan sashe na Turai. Wanda ya ja ragamar ɗaukar fim ɗin shi ne Jacinto Molina, wanda 'yan kallo suka fi sani da sunan Paul Naschy. Tsohon ɗan wasan ɗaga ƙarfe ne, kuma tun daga 1968 ya yi suna wajen fitowa a finafinan ban tsoro a matsayin mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci in dare ya yi, kamar dai yadda akan ce wane yana rikiɗa kura. A wannan karo sai ya ajiye fatar kyarkeci ya ɗauki sulke da kwalkwali, ya fito a matsayin Agrippa, sarkin yaƙin Sarki Agustus na Rum. Abokin karawarsa kuwa shi ne Korokota, madugun Kantabirawa, wanda wani ɗan yankin mai suna Joaquín Gómez, da ake yi wa laƙabi da Dan Barry, ya fito a matsayinsa.

Labarin ba mai sarƙaƙiya ba ne. Rum ta aiko da runduna, mutanen dutse sun ce atafau ba su miƙa wuya, ana ta gwabzawa. Amma ƙullin da aka ɗaure labarin da shi yana cikin gidan Korokota ne, domin yana da 'yar'uwa mai suna Eliya, wadda Verónica Miriel ta fito a matsayinta, sai kuwa soyayya ta shiga tsakaninta da Agrippa, watau mutumin da aka aiko takanas domin ya gama da ɗan'uwanta da jama'arsa. Fim ne da aka yi da kuɗi ƙalilan, kuma ko wanda bai saba shiga gidan silima ba zai lura da haka, tun da rundunar Rum ɗin da aka nuna ba ta isa cika fili ba. Duk da haka yana da daraja ta daban, saboda yana cikin finafinai 'yan kaɗan da mutanen Sipaniya suka yi da kansu game da yadda Rum ta ci ƙasarsu. Abin mamaki kuwa shi ne, kafin wannan lokaci ƙasar ta shafe shekara ashirin tana ba da aron filayenta da sojojinta da magina domin a yi finafinan Rumawa. To, me ya sa labarin na gida ya makara haka?

Sai an waiwayi tarihi kafin a gane amsar. Sojojin Rum sun fara sauka a gaɓar Sipaniya a garin Ampuriyas shekara 218 kafin haihuwar Annabi Isa, a lokacin da suke yaƙi da Hanibal na Kartaj, ba su kuwa gama cin ƙasar ba sai shekara ta 19 kafin Miladiyya. Shekara 200 ke nan ba ɗaya, alhali kuwa Juliyas Kaisar ya cinye ƙasar da ake kira Faransa yanzu cikin abin da bai kai shekara 10 ba. Yaƙin ƙarshe, na Kantabiriya, ya ɗauki shekara 10 shi kaɗai, daga 29 zuwa 19. Sarki Agustus ya zo da kansa a shekara ta 26, ya kafa sansani a Segisama, amma mutanen dutse suka ƙi fitowa fili a yi gaba da gaba, sai kwanton ɓauna da hari cikin kwazazzabai, har ciwo ya kama sarkin ya koma Tarragona yin jinya. Da aka ga kamar an gama, ya sa aka rufe ƙofofin ɗakin gunkin Janus a birnin Rum, wanda alama ce tasu ta cewa babu sauran yaƙi a duk faɗin daular, aka kuma gina birnin Merida domin tsofaffin sojojin da aka sallama. Ashe da sauran rina a kaba. Kantabirawan da aka sayar bayi suka kashe iyayengijinsu, suka gudo gida suka sake tayar da ƙayar baya, shi ne aka aiko Agrippa. Masanin tarihin nan Kasiyus Diyo ya ce Agrippa ya sha wuya ƙwarai, har sai da ya hukunta wata bataliya tasa da ta karaya ya ƙwace mata sunan girmamawa, daga bisani ya karkashe kusan dukan mazajen da suka isa ɗaukar makami, sauran kuwa ya ƙwace makamansu ya sauko da su daga tuddai zuwa kwari. Da ya koma Rum bai yarda a yi masa bikin nasara ba.

Wannan shi ne mutumin da Naschy ya mayar masoyi mai mutunci. Yana da kyau kuma mai karatu ya sani cewa Agrippa na gaskiya surukin sarki ne, domin shekara biyu kafin zuwansa Kantabiriya ya auri Juliya, 'yar Agustus ɗaya tilo.

Zancen aron fili kuwa, ya fara ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1950. Sipaniya a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Janar Franko, ladan ƙwadago da arha, rana ba ta yankewa, Gwamnati kuma tana matuƙar bukatar kuɗin waje da kuma farin jini a idon duniya. Cikin 1959 aka ɗauki fim ɗin kwanakin ƙarshe na birnin Pompeyi a Madrid, na haɗin gwiwa da Italiya, inda Steve Reeves ya zama jarumi, ɗan ƙasa Fernando Rey kuwa ya zama mugu. Da Stanley Kubrick ya tashi ɗaukar babban yaƙin da ke cikin Spartacus, wanda ya fito a 1960, filayen bayan Madrid ya nufa, aka ba shi sojojin ƙasa na Sipaniya wajen 8,000 suka sa kayan Rumawa suka yi masa fareti yadda yake so. Amma wanda ya fi kowa zurfafawa shi ne Samuel Bronston, Ba'amurke haifaffen gabashin Turai, wanda ya mayar da Madrid hedkwatarsa ya yi King of Kings da El Cid a 1961, sa'an nan ya tasam ma aikin da ya karya shi, watau The Fall of the Roman Empire, faɗuwar daular Rum ke nan, wanda Anthony Mann ya shirya aka fito da shi a 1964.

Ko da yake kuɗin Amurka ne da 'yan wasan ƙasashe dabam dabam, hannun ma'aikatan Sipaniya ne ya tayar da shi. A Las Matas, kusa da Madrid, ma'aikata 1,100 suka yi wata 7 suna gina dandalin birnin Rum, tsawonsa mita 400, faɗinsa mita 230, da ginshiƙansa da gumakansa da matakalarsa, har aka lasafta shi cikin gine-gine mafi girma da aka taɓa yi a waje domin fim. Dazuzzukan kan iyakar Jamus masu ƙanƙara kuwa, a duwatsun Gwadarrama aka ɗauke su, kusa da Segobiya. Amma duk wannan ƙasaita rufi ce kawai, abin da ke ciki rigimar gado ce ta gida guda. Sarki Markus Oreliyus, wanda Alec Guinness ya fito a matsayinsa, ya tsufa a bakin daga, ya duba ɗansa Komodus ya ga albasa ba ta yi halin ruwa ba, sai ya ƙudura zai bar mulki ga wani sarkin yaƙinsa mai suna Libiyus, wanda suka tashi da Komodus tamkar wa da ƙane. Kafin ya bayyana wannan a gaban jama'a aka ba shi guba a cikin tuffa. Libiyus ya ga ba shi da shaida, ya kuma ji nauyin abota, shi da kansa ya ɗaga hannun Komodus. 'Yar sarki Lusilla, watau Sophia Loren, an aurar da ita ga Sarkin Armeniya saboda siyasa, ta koma tana haɗa tawaye a kan ɗan'uwanta. Can kusa da ƙarshe asiri ya tonu cewa Komodus ba ɗan sarki ba ne, ɗan wani tsohon ɗan dagar takobi ne mai suna Berulus wanda kullum ke tare da shi, nan take kuwa ya kashe uban da ya haife shi. Christopher Plummer ya yi rawar gani a wannan wuri, da dariyarsa ta wanda hankalinsa ya fara taɓuwa.

Tarihi bai goyi bayan yawancin wannan ba. Markus Oreliyus da kansa ya naɗa Komodus abokin sarautarsa tun shekara ta 177, ya rasu a 180, Lusilla kuwa da makircinta ya tonu sai aka kore ta zuwa tsibirin Kapri aka kashe ta a can, shi kuma Komodus wani ɗan kokawa ne ya shaƙe shi a ƙarshen shekara ta 192. Fim ɗin ya ci abin da ya haura dala miliyan 15, 'yan kallo ba su zo yadda aka zata ba, kamfanin Bronston ya durƙushe cikin wannan shekara ta 1964. Sai bayan shekara 36 Ridley Scott ya sake ɗauko wannan rigima ta uba da ɗa da 'ya a fim ɗin Gladiator, ya kwashi ribar da Bronston ya yi mafarki.

A duk cikin waɗannan finafinai, mutumin Sipaniya Barume ne, ko bawa, ko Bajamushe mai gemu a cikin daji. Ba a taɓa tsayar da shi a matsayin kakansa da Rum ta zo ta tarar ba. Wannan kuwa ba don ƙasar ta rasa masu yin finafinan tarihi ba ne. Kamfanin CIFESA na birnin Balensiya ya yi su da yawa, kuma sun yi kasuwa: Locura de amor a 1948, kan sarauniyar da kishi ya zautar, da Agustina de Aragón a 1950, kan matar da ta harba igwa a kan sojojin Napoliyon, da Alba de América a 1951, kan tafiyar Kolumbus. Amma kamfanin bai taɓa labarin Biriyato ko na birnin Numansiya ba, alhali babu ɗan makarantar da ba a tilasta masa haddace waɗannan sunaye biyu ba a zamanin Franko.

Dalilin farko shi ne cewa Sipaniya tana da kakanni biyu, kuma ɗaya ne ya ci ɗaya da yaƙi. Harshen da ake magana da shi a ƙasar ɗiyan Latin ne, harshen Rumawa. Dokokinta da hanyoyinta da gadojinta, har da magudanar ruwan nan ta dutse da ke tsaye a Segobiya har yau, duk gadon Rum ne, addinin Katolika kuma da Gwamnatin Franko ta jingina da shi ta hanyar daular Rum ya iso, hedkwatarsa kuma a birnin Rum take. Daɗin daɗawa, Sipaniya ta ba Rum sarakuna. Tarajan, wanda ya yi mulki daga shekara ta 98 zuwa 117, a Italika aka haife shi, kusa da Sebil, zuriyar Hadiriyan da ya gaje shi ma daga can take, malami Seneka haifaffen Kordoba ne, shi kansa Markus Oreliyus asalin gidan ubansa wani ƙaramin gari ne kusa da Kordoba. Gwamnatin da ba ta da kalmar da ta fi so kamar "daula" ba za ta ji daɗin ganin an nuna daula a matsayin azzaluma ba, ba kuma za ta yarda a nuna kakannin farko a matsayin jahilan da suka cancanci bulala ba. A cikin littafin makaranta ana iya yabon kowanne a shafinsa, amma a allon silima dole su haɗu a fili ɗaya, dole kuma ɗan kallo ya zaɓi wanda zai yi wa tafi.

Dalili na biyu ya fi zafi, domin jininsa bai bushe ba. Daga 1936 zuwa 1939 Sipaniya ta yi yaƙin basasa, kuma Musolini na Italiya, wanda ke ɗaukar kansa magajin sarakunan Rum, ya aika wa Franko dubban sojoji. Cikin watan Agusta na 1937 waɗannan sojoji na Italiya suna cikin rundunar da ta keta duwatsun Kantabiriya ta kama birnin Santanda. Cikin wannan shekara kuma, a birnin Madrid da sojojin Franko suka yi wa ƙawanya, mawaƙi Rafael Alberti ya sabunta tsohon wasan kwaikwayon da Cervantes ya rubuta kan Numansiya aka nuna shi ga jama'a, kuma babu wanda ya bukaci a gaya masa su wane ne Rumawa a wannan dare. Bayan an gama yaƙi ma wasu 'yan jamhuriya sun haye duwatsu sun ci gaba da sari ka noƙe, Gwamnati ta kafa doka a 1947 wadda ta kira su 'yan fashi, kuma biyu daga cikin na ƙarshensu a Kantabiriya, Juanín da Bedoya, sai a 1957 aka kashe su. Duk wanda ya zo wa hukumar tace finafinai ta wancan zamani da labarin mutanen dutse na arewa masu yi wa babbar runduna kwanton ɓauna, waɗanda hukuma ke kira ɓarayi, ya san ba labarin shekara 2,000 kaɗai za a karanta a ciki ba. Hukumar kuwa ba ta wasa da aikinta, ko da yake wani lokaci takan yi abin dariya. Ita ce da aka kawo fim ɗin Mogambo na Amurka ta sa aka canja maganganun domin a ɓoye cin amanar aure, aka mayar da miji da mata wa da ƙanwa, garin gyaran gira aka rasa ido.

Rikicin 'yan'uwa a kansa ba haramun ba ne a silimar Franko, muddin an san wanda zai tuba. Shi Janar ɗin da kansa ya rubuta labarin fim ɗin Raza, wanda ya fito a 1942, ya ɓuya a bayan sunan Jaime de Andrade. Gida ɗaya ne, 'ya'yan wani hafsan jiragen ruwa: José soja ne mai bin Franko, Pedro ɗan siyasa ne na ɓangaren jamhuriya, Jaime kuma ɗan zuhudu ne da aka kashe. A ƙarshe Pedro ya gane kurensa ya juya wa jama'arsa baya, suka harbe shi. Da wannan ma'auni, ɗan'uwan da ya saɓa ɓatacce ne, gyaransa kuwa mutuwa. Labarin Rum da Sipaniya bai shiga wannan ma'auni, domin a can wanda ya bi baƙo shi ne ya haifi ƙasar da ake ciki yanzu.

Abin takaici ne, saboda littattafan da marubutan Girka da Rum suka bari cike suke da abin da mai shirya fim ke nema ido rufe, kuma kusan duka a cikin gida yake faruwa. Ga Biriyato, makiyayin da ya tsira daga kisan gillar da Gwamna Galba ya yi wa Lusitaniyawa a shekara ta 150 kafin Miladiyya bayan ya yaudare su da alkawarin gonaki. Ya zama madugu, ya hana Rum barci shekara 8. Diyodorus ya ba da labarin ranar aurensa da 'yar wani attajiri mai suna Astolpas, wanda ke zaman lafiya da Rumawa: an baje akussan zinariya da azurfa da tufafi masu tsada, ango ya tsaya ya dogara da mashinsa yana kallonsu da raini, ya ƙi zama, ya ɗauki gurasa da nama kaɗan ya raba wa mutanensa, ya sa aka kawo amarya ya aza ta a kan doki suka nufi dutse. A shekara ta 139 kuwa ba a fagen fama ya mutu ba, aminansa uku da ya aika sulhu, Audaks da Ditalko da Minuro, su aka saya suka dawo suka yanka shi yana barci. Da ɗan gari akan ci gari.

Na Numansiya ya fi wannan ɗaci. Garin yana kan wani tudu kusa da Soriya ta yanzu, kuma ya kunyata janar-janar na Rum ɗaya bayan ɗaya, har aka aiko Sikipiyo wanda ya rushe Kartaj. Shi bai nemi faɗa ba, sai ya zagaye garin da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 9, ya zauna da sojoji wajen 60,000, ciki har da Yugurta na Numidiya da ya zo daga arewacin Afirka da giwaye, yana jiran yunwa ta yi masa aiki. Wani jarumi mai suna Retojenis ya sulale da dare ya bi garuruwan dangi yana neman gudunmawa. A garin Lutiya samari suka ce za su je, dattawa kuwa suka ji tsoro suka aika wa Sikipiyo a asirce. Apiyan ya ce kashegari Sikipiyo ya iso ya kewaye garin, ya ce a miƙo masa samarin, aka miƙa, ya sa aka yanke hannuwan mutum 400. Iyaye ne suka tona asirin 'ya'yansu domin su tsirar da gari, kuma babu wanda zai ce kai tsaye ga mai gaskiya a cikinsu. Numansiya ta faɗi a shekara ta 133, bayan da yawa daga mutanenta sun zaɓi su kashe kansu.

Kantabirawa ma haka. A dutsen Meduliyo Rumawa suka haƙa ramin da ya kai mil 15 suka kewaye su, da suka ga babu mafita sai suka hallaka kansu da wuta da takobi da dafin wani itace. Istarabo, masanin ƙasa Bagirke wanda ya yi zamani da Agustus, ya rubuta cewa uwaye sun kashe 'ya'yansu don kada a kama su, kuma wani yaro ya sami wuƙa, ubansa da ke ɗaure ya umurce shi, ya kashe iyayensa da 'yan'uwansa da aka kama. Shi Istarabo dabbanci ya ɗauki wannan, amma shi ne kuma ya bar wani bayani wanda ya shafi fim ɗin 1980 kai tsaye. Ya ce a wurin Kantabirawa 'ya'ya mata ke cin gado, su ne kuma ke yi wa 'yan'uwansu maza aure. In haka ne, 'yar'uwar madugu ba ado ba ce a cikin gida, ita ce riƙe da gona da zuriya, kuma ranar da zuciyarta ta karkata ga sarkin yaƙin Rum, abin da ke shirin sauya hannu ya wuce mace guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Naschy ya taɓa wannan jijiya, ko da saninsa ko ba da saninsa ba, sai dai bai matsa ta ba. Ya tsaya ga soyayya irin wadda aka saba gani a finafinan takobi na Italiya, ya bar tambayar da ta fi nauyi, watau wane hali 'ya'yan irin wannan aure za su shiga, da harshen da za su tashi da shi, da kabarin da za su riƙa ziyarta.

Fitowar fim ɗin a 1980 ba katari ba ce. Franko ya mutu ran 20 ga Nuwamba 1975, an soke tace finafinai a 1977, tsarin mulki na 1978 ya ba yankuna damar gudanar da harkokinsu, kowane yanki kuma ya shiga tonon tarihi yana neman gwarzon da zai kira nasa. Lardin da a lokacin ake kira Santanda yana fafutukar a raba shi da Kastil a mayar masa da tsohon sunansa, ya kuwa samu, domin a ƙarshen 1981 aka amince da dokar cin gashin kan Kantabiriya. Korokota ya zo a kan gaɓa. Wani abin lura kuma shi ne, cikin dattawan da suka fito a fim ɗin har da Alfredo Mayo, mutumin da shekara 38 kafin nan ya fito a matsayin José, jarumin Raza, wanda Franko ya zana da siffar kansa. Shi kuwa mai fim ɗin, da ya zo rabon matsayi, Barume ya zaɓar wa kansa, ya kuma ba shi kamala da tausayi waɗanda Kasiyus Diyo bai san shi da su ba. Ko a lokacin da aka sami 'yancin zagin Rum, hannu bai iya sakinta gaba ɗaya ba. Sai a 2010 gidan talabijin na Antena 3 ya kawo Biriyato cikin wasan Hispania, wanda ya gudana har 2012, a can ma rabin rigimar a cikin gidaje take.

Shi kansa Korokota, duk abin da aka sani game da shi bai wuce 'yan layuka ba a littafin Kasiyus Diyo, kuma ba a babin yaƙin Kantabiriya suke ba, suna wurin da yake lissafa halayen Agustus bayan rasuwarsa. Ya ce akwai wani ɗan fashi a ƙasar Sipaniya da ya addabi sarki, har ya sa ladan dinari 250,000 ga wanda ya kamo shi da rai. Dinarin Rum kuɗin azurfa ne, daga sunansa kuma Larabawa suka sami kalmar da ta iso har cikin Hausa. Sai ga mutumin ya zo da ƙafarsa ya tsaya gaban sarki, Agustus bai taɓa lafiyarsa ba, ya ma ba shi kuɗin. Diyo bai ce Bakantabire ba ne, bai kuma ce madugun yaƙi ba ne. Wani masani Bajamushe, Adolf Schulten, wanda ya yi tono a kangon Numansiya, shi ne a littafinsa na 1943 ya ɗauke shi ya dasa shi cikin yaƙin Kantabiriya, daga baya kuma wasu masana suka musa, har akwai mai ganin sunan ya fi kama da na arewacin Afirka. Eliya kuwa babu ita a kowane littafi na dā.

Mutanen yankin ba su damu da gardamar malamai ba. Tun daga 2001, a ƙarshen watan Agusta da farkon Satumba, jama'ar garin Los Corrales de Buelna kan yi bikin tunawa da yaƙin, su kafa sansani, waɗansu su sa jar riga da sulke su zama bataliyoyin Rum, waɗansu su yafa fatu su zama ƙabilun dutse. A cikin abubuwan da akan nuna har da zuwan Korokota gaban Agustus domin karɓar ladan da aka sa a kan kansa, kuma sarkin da ɗan tawayen dukansu da harshen Sipaniyanci suke yi wa juna magana.